Rumbu a Gida, Tukunya a Wuta

Da sunan Allah na buɗe kowane babi na wannan littafi, wannan ma da shi na buɗe, sai dai na daɗe ina kewaya shi kamar akuya a bakin rijiya. Na ba ku labarin karatuna a Rasha, na ba ku na jiragen ruwa a Jidda da na matatar mai a Aljeriya, duk don in jinkirta isowa nan. Yanzu hanyar kewaye ta ƙare. Wannan babi na shekarar da Innarku ta rasu ne, kuma na rubuta shi saboda mutum biyu a cikinku da suka daina gaisawa tun wancan lokaci: Asma'u da babban yayanku. Kun san ba na kiran sunansa. Ɗan fari ne, kuma a gidan da na tashi a Kekun Waje uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, uwa kuwa ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Innarku ta fi ni riƙon wannan kunya. Tun da ta haife shi har ta koma ga Allah, "wancan" take ce masa. Ku ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa.

Mahaifina maginin rumbu ne, rumbun ƙasa, wanda mu can muke ce wa ruhewa. Ba ya ɗora sabon zagaye sai na ƙasa ya bushe, ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ya ji amon da yake so. In mai gona ya matsa masa, wai ga dawa ta nuna rumbu bai kai ƙirji ba, sai ya ci gaba da cuɗa ƙasarsa, ya ce:

"Abincin shekara za ka zuba ciki. In ta tsage da damina, wa za ka ba haƙuri, ni ko ɗiyanka?"

Da wannan hali na fita duniya, kuma Allah Ya haɗa ni da sana'ar da ta dace da shi. Duba walda na koya. A ɗinke manyan tankunan ƙarfe da wuta, ni kuma in zo in haska ɗinkin da na'ura, kamar yadda ake hoton ƙashi a asibiti, ina neman tsagar da ido ba ya gani. Aikin nan ya kai ni har gaɓar tekun Kudancin Amurka, inda Turawa ke harba rokokinsu. Sun ɗauke ni don tankuna, amma da suka gano ina jin Faransanci da Rashanci, rabin ranata a tafinta take ƙarewa. Ranar da na fara ganin babbar roka a tsaye na yi dariya ni kaɗai, don ruhewar babana ce aka shafa wa farin fenti: doguwa, kewayayya, da hula mai tsini, an cika cikinta da abin da bai kamata ya zube ba.

A wannan sana'a mazhaba biyu ce. Tsofaffin malamaina na Rasha sun ba mu labarin yadda nasu magabatan suka yi: a ƙera, a harba, ta fashe, a tsince abin da ya saura a daji, a gane inda aka kuskure, a sake ƙerawa. Da haka suka riga kowa zuwa sama. Amma da suka zo kan ƙatuwar rokar da suke so ta kai su wata, suka bi wannan hanya ba tare da sun kunna injinanta gaba ɗaya a ƙasa sun gani ba, duk tashin da ta yi a wuta ya ƙare, har hukuma ta gaji ta rufe maganar. Amurkawan wancan zamani kuwa sun gwada komai a ƙasa, sun sake gwadawa, suka isa. Sai duniya ta yi juyinta. Yau jikokin masu taka-tsantsan ɗin nan ne suka fi kowa fasa roka suna murna, manyan hukumomi kuma suna shekara da shekaru a kan roka guda kafin ta ɗaga. Kada kuma ku ɗauka masu a hankali ba su taɓa kuka ba, su ma sun yi jana'izar mutanensu. Na ji wannan gardama da Rashanci, na ji ta da Faransanci, na ji ta da Turanci, kuma a kowane harshe masu yin ta suna tsammanin su suka fara ta. Ni dai ɗan babana ne. Ban taɓa sa hannu a kan ɗinkin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

A cikinku Asma'u ce ta gaji wannan jaraba. Tun tana ƙarama take kwance mini rediyo ta bar ni da kusoshi a faranti. Ta yi karatu, ta wuce ni, ta samu aiki a wata babbar hukuma a Turai, a kan tankin man wata roka da ake ta jira. Zane, gwaji, taro, sa hannu, a sake taro. Ta shiga aikin ba ta da aure, ta yi aure, ta yaye 'ya'ya biyu, roka tana nan a kwance cikin ɗaki.

Shekarar da nake ba ku labari ƙodar Innarku ta gaza. Likita ya ce sai dai wanki, kuma wankin ƙoda ba abin da ake yi sau ɗaya a huta ba ne. Yayanku ne ya ɗauki wannan kaya, ba wanda ya ɗora masa. Ya tashi daga gidansa mai kyau ya kama haya a bayan namu a nan Gusau. Zai kai ta asibiti, ya wuce ofis, ya dawo ya ɗauko ta. Shi ke auna ruwan da za ta sha a kofi mai zane, shi ke faɗa da masu girki a kan gishiri. In ya miƙo mata magani sai ta karɓa tana kallon bango. Bai taɓa cewa komai ba, don ya san al'ada. Amma ni na sha ganin yana ɗan tsayawa a bakin ƙofa bayan ta haɗiye, kamar mai jiran canji a shago.

Bayan kaka Asma'u ta zo hutu don ta duba ta. Wata Asabar da hantsi muna tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, Innarku a kishingiɗe kan tabarma ido a rufe, sai Asma'u ta ciro waya ta ce tana so mu ga wani abu. Roka ce a bakin wani teku. Ta tashi lafiya, ta yi nisa, sai ta fara wulwulawa, can sai wuta ta cika waya. Aka nuno wasu matasa cike da ɗaki suna tsalle suna rungumar juna.

"To su waɗannan murnar me suke yi?" in ji yayanku. "Maƙiyan mai rokar ne?"

"Su suka ƙera ta, Yaya."

"Su suka ƙera ta, ta ƙone, suna tafi. Mu a ofishinmu ko taya ce ta fashe sai an kafa kwamiti."

"Shi ya sa motocinku duk suna kan duwatsu."

Muka yi dariya har da shi. Sai ta ajiye wayar a cinya ta faɗi abin da ya kawo ta. Kamfanin da ya ƙera rokar nan ya neme ta. Tankunansu ne ke tsagewa, ita kuma tanki ne aikinta. Suna son ta kafin damina, mijinta ya ce duk inda ta sa gaba zai biyo ta da yaran. Ni na fara magana, kuma na yi ta da tsawo, irin ta tsohon da aka taɓo masa sana'a. Na ce abin da lissafi da haƙuri za su nuna maka a ƙasa, don me za ka hau sama ka ƙona shi? Na ba ta labarin ƙatuwar rokar Rashawa, wanda ta riga ta ji ya fi a ƙirga.

"Baba, akwai abin da ƙasa ba ta faɗa wa mutum," ta ce. "Tankina ya ci duk jarrabawar da muka yi masa a ɗaki, amma har yau ban san ko na iya aikina ba. Waɗannan kafin mu tashi daga taro sun fasa, sun gane, sun gyara."

"Hali nake ji miki," na ce. "Hannun da ya saba da fashewa, ranar da za a sa ɗan wani a ciki, zai iya sauya hali a rana ɗaya?"

Sai muka ji murya daga tabarma. Innarku, kun san ta, ta bi ni ƙasashe amma bakin Tsafe bai taɓa barin ta ba.

"Ma'u, kawo abin nan in gani."

Ta kalla, ta ce a mayar baya, ta sake kallo har wuta ta tashi.

"Da mutum ciki?"

"Babu, Inna. Ko kaza babu."

"To in ta hwashe, kuna tsince tsingaron?"

Asma'u ta ce suna tsintowa har daga cikin teku, kuma akwai na'urori a jikinta da ke ta aiko da labarin abin da take ji har lokacin da za ta tarwatse.

"Ashe ginin tukwane na," in ji Innarku, ta miƙa mata wayar ta rufe ido. "Shi kunka cika mani kunne a kai tun ɗazu."

Yayanku bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce duk wannan ba ita ce maganar ba. Inda Asma'u take yanzu jirgi ɗaya ne zuwa gida, kuma suna ba ta hutu in ta nema. Can kuwa ƙarshen duniya ne, kuma ita da bakinta ta ce mutanen ko ranar hutu ba su sani ba. Ya nuna tabarma da haɓa, ya fita. Washegari bayan mun karya kumallo Asma'u ta same ni a zaure ta ce ta yanke shawara: za ta ba kamfanin haƙuri, kuma za ta nemi dogon hutu a tsohon wurin ta zauna da mahaifiyarta. Ku ji wannan da kyau, don shi ne abu na farko da wasunku ba su sani ba. Zama ta zaɓa. Ni kuwa na ji daɗi har na sa mata albarka da ƙarfi, ƙarfin da ya kai kunnen mai tabarma.

Ba a yi kwana nawa ba Innarku ta ce Tsafe za ta, wurin yayarta, Gwaggonku Dije, wadda ta riƙe ginin tukwanen da suka gada daga uwarsu. An aiko cewa za a gasa tukwane, ita kuma tana son ta ji warin hayaƙin. Yayanku ya ce jikinta ba zai ɗauka ba, hanyar ma ba kamar da ba ce.

"Malam," ta ce mini, shi yana tsaye a gabanta, "ka gaya ma wancan, in ba shi kai ni, in hau mashin."

Ya kai mu. Amma sai da ya je tasha ya tambayi direbobi labarin hanya, ya duba tayoyi har da ta ajiya, ya kafa sharaɗi: sai rana ta ɗaga za mu fita, kuma la'asar a Gusau za ta same mu. Da muka isa ya shiga ya gaida Gwaggo, ya koma ya zauna a inuwar mota yana duban rana.

A bayan gida aka jera tukwane baki ƙasa, ƙanana a kan manya, aka lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu da ciyawa. Aka shimfiɗa wa Innarku tabarma inda hayaƙi ba zai same ta sosai ba, Asma'u a gefenta. Wuta ta kama. Ba a jima ba muka ji tas! daga cikin tulin, kamar an karya busasshen reshe. Asma'u ta zabura. Gwaggo Dije ko waiwaye ba ta yi ba.

"Gwaggo, wacce ce ta fashe?"

"Ina zan sani, ɗiyata? Ni ba ni da na'urar taku. Sai wuta ta gama maganarta."

Da wuta ta lafa aka janye tukwane da dogon sanda, jajaye, wasu da baƙin tabo a kafaɗa. Waɗanda suka fashe aka tara su gefe, aka yayyafa musu ruwa. Nan 'yan tsofaffin nan biyu suka sa tsingaro a gaba suka kama gardama. Gwaggo ta ce tsakuwa ce ta ɓuya a yumɓu, Innarku ta ce ƙarya ne, gindin ne ya yi kauri bai gama bushewa ba, kuma tun suna yara Dije ke da gaggawa. Gwaggo ta ce wadda ta gudu birni ta auri mai duba ƙarfe ba ta da bakin magana a kan yumɓu. Ba su daidaita ba. Ni ina zaune ina jin su, sai na tuna ɗakunan taron da na yi tafinta a cikinsu, inda manyan injiniyoyi ke juya guntun ƙarfe a hannu suna wannan musu, sai dai su ba sa dariya.

A cikin rumfa na hango wata ƙatuwar randa ɗanya, an rufe ta da tsohon zane. Na tambayi Gwaggo me ya sa ba a sa ta wuta ba. Ta ce ta masallacin unguwa ce, ta daɗe a inuwa kuma za ta ƙara daɗewa, kullum sai ta juya ta ta shafa ta. Ƙananan nan da aka gasa yau daga ramin yumɓu ɗaya suke da ita, in sun nuna halin ƙasar, sannan a san irin wutar da za a yi wa babbar. Na ji sanyi a raina, don na ga babana ma yana da wurin zama a gidan nan.

Innarku ta sa aka kawo turmi aka zuba tsingaron, ta ce Asma'u ta daka. Injiniyar Turai ta ɗaure zane ta kama taɓarya, Gwaggo na yi mata tsiya wai hannunta ya zama na biredi. Da ya yi laushi kamar tsaki, Innarku ta ɗebo da hannunta ta barbaɗa a kan sabon yumɓu.

"Kin gani? Yumɓu zalla ba shi jure wuta. Sai an haɗa shi da wadda ta riga ta sha wuta ta hwashe. Duk tukunyar da kika sha ruwa cikinta a gidan ga, akwai kakanninta ciki." Ta goge hannu a zane. "Na ji abin da kika gaya ma ubanki a zaure. Ban yarda ba. Tahiya za ki yi."

"Inna, in na tafi kuma..."

"In kin zauna mi za ki yi? Ki wanke mani ƙoda da sabulu? An daɗe ana shanya ki a inuwa, Ma'u. Tukunyar da ba ta ga wuta ba, ko ruwa ba ta riƙewa. Ke ki je ki yi ta roka, ni ina nan ina roƙa miki."

Asma'u ta kifa kai a cinyarta tana kuka, ita kuma tana shafa mata baya tana kallon toka.

"Sharaɗina guda. Muddin ba kowa ciki, ki zama ɗiyata, ki hwasa ki daka ki sake. Ranar da za su sa ɗan mutane ciki, ki koma ɗiyar ubanki."

Sannan ta dube mu duka, ni da Asma'u da Gwaggo, ta ce kada wanda ya gaya wa wancan cewa ita ta tura ta. Asma'u ta ce to zai ɗauka ita ce ta gudu. Innarku ta ce ta sani, sai dai Asma'u ta haƙura ta ɗauka. Daidai nan muka ji hon daga waje. Rana ta karkata, mai mota ya ƙosa.

Sauran kun san shi. Asma'u ta tafi kafin ruwan farko. Yayanku ya kai ta tasha, bai ce mata komai ba sai "Allah Ya kiyaye hanya". Innarku ta ga shuka, ta ga noman farko, ta rasu wata safiya gero na fitar da kai, kanta a hannun matar yayanku, shi yana tsaye bakin ƙofa inda ya saba tsayawa. Kafin azahar mun kai ta. Asma'u sai ranar sadakar uku ta iso, da jakar hannu kaɗai da idanu kamar garwashi. A zaure suka haɗu, ina zaune.

"Sannu da zuwa, injiniya," ya ce mata. "An harba lafiya? Mu ma nan mun yi rakiya. Ba a tafa mana ba."

Na ga bakinta ya buɗe. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta. Ta dube ni, ta haɗiye, ta wuce cikin gida. Tun daga ranar in ta kira waya yana wurin sai ya tashi, in ta aiko wa 'ya'yansa da kaya sai matarsa ta yi godiya. Wannan shi ne abin da shawarar Tsafe ta ci: uwa ta mutu ba ta ga 'yarta ba, 'ya ta ɗauki sunan da ba nata ba, ɗa kuma ya zauna da ciwo biyu, na ƙanwar da yake gani ta yar da su, da na uwar da ya yi wa hidima har kabari bai ji ta ce masa sannu ba.

Masu son jin yadda gardamar roka ta ƙare, ba ta ƙare ba. Rokokin su Asma'u sun ci gaba da fashewa. Ɗaya ma tankinta ne ya jawo, ta kira ni muka yi ta juya maganar ɗinkin kamar su Gwaggo a kan tsingaro, kuma a wannan karon ita ta gano, ba ni ba. Daga baya wata ta tashi ta je inda aka aike ta. Tsohuwar rokar da ta baro a Turai ita ma ta tashi bayan dogon jira, kuma tashin farko ta isa lafiya. Na yi murna da duka biyun. Yanzu da kamfanin ya fara maganar sa mutane, Asma'u ta ce mini ita ce ke hana ruwa gudu, ta ƙi sa hannu a kan abin da kowa ya yarda da shi, har matasan sun sa mata suna Birki. Ta cika sharaɗin uwarta, rabi da rabi.

Saura magana ɗaya, wadda dominta na rubuta duk wannan. Washegarin dawowarmu daga Tsafe na sami Innarku ita kaɗai a ɗaki da rana, na zauna bakin gado na ce, Hajiya, kin san abin da kika yi? Ƙila ba za ki sake ganin yarinyar nan ba. Ta ce ta sani. Na ce to me zai hana a gaya wa wancan gaskiya, a raba su da gaba?

"In na ce ni na tura ta, zai tambayi dalili. Dalilin kuwa ba shi faɗuwa a bakina."

"Wane dalili?"

Ta maida ido waje. Ta taga muna hango shi a tsakar gida, ya ɗaga kofin nan mai zane sama yana duba ruwa a hasken rana, ya rage kaɗan, ya sake dubawa.

"Malam, uwata ba ta taɓa kunna ma tukwane wuta ba sai ta leƙa ruhewa ta ga da hatsi. Mai yunwa ba ta iya jin tas ta yi dariya. Ina da ruhewa a gida, wadda ba ta taɓa tsagewa ba ko da damina. Shi ya sa na iya sa tukunya wuta." Ta share ido da bakin mayafi. "Kada ka hwaɗa mashi da bakinka. Kunya za ta kashe ni kafin ƙoda."

Sai ga shi ya yi sallama ya shigo da kofin. Ta juya fuska bango, ta miƙa hannu ta baya ta karɓa, ta ce mini:

"Ka ce ma wancan ruwan ya yi sanyi da yawa."

Na riƙe alkawarin nan shekaru, kuma ba don ita kaɗai ba, ni ma bakin nawa ba zai iya ba. Na iya harsuna da yawa, babu wanda a cikinsa na koyi yadda uba ke duban ɗan farinsa ya faɗa masa irin wannan. Amma da baki ta ce, alƙalami kuwa ba baki ba ne. In fatawar tawa ba ta yi ba, ni da ita ne gobe, kuma na san yadda ake ba ta haƙuri.

Kabiru. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Kabiru, kai ne ruhewar. Ƙanwarka ba ta gudu ta bar ka da kaya ba, uwarka ce ta dube ka ta ga za ka iya, ta saki ɗayar. Duk sannun da ba ta yi maka ba tana cikin wannan magana, ni shaida ne.

Asma'u za ta zo da Babbar Sallah, a tashar Gusau za ta sauka. Ni ido ya hana ni tuƙi. Motar tana hannunka, kuma na san ka riga ka duba tayoyin.